Hilda Ta Ce Ɗan Asali Ne

Amos Sidaway maƙerin sarƙa ne, kamar ubansa da kakansa. A garin Cradley na ƙasar Ingila wannan ba abin tinƙaho ba ne, don a zamanin da aka haife shi da wuya ka shiga gidan da babu maƙera a bayansa. Uwarsa ma ƙananan sarƙoƙi take ƙerawa, na shanu da na karnuka, hannu na buga guduma, ƙafa na jijjiga gadon jariri. Ita ce take cewa Amos bai san ana iya barci a wurin da babu ƙarar ƙarfe ba sai da ya yi aure.

Da ya tasa sai ya shiga babbar masana'anta, inda ake ƙera sarƙar da ke riƙe manyan jiragen ruwa idan sun tsaya. Zobe guda ya kai cinyar ƙato kauri, sai maza sun taru a kansa da guduma. Da sassafe suke farawa, su tashi kafin rana ta take, saboda wanda ya tsaya gaban wutar nan da tsakar rana ba lallai ya koma gida da ƙafarsa ba. Sarƙoƙin Amos sun zagaya duniya. Shi kuwa sau ɗaya ya ga teku, ranar da cocinsu ya kwashe su zuwa shan iska. Ya tsaya ya dube ta da kyau, hannuwa a baya, ya ce ruwan ya yi yawa.

Ba mutum ne mai kwaɗayi ba. Amma tun yana ƙarami akwai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai. Mai masana'antar yana da kare irin wanda ake kira buldog, fari mai jan tabo a ido. Yakan zauna a kujerar bayan mota, leɓuna a zube, haƙoran ƙasa a waje, yana kallon ma'aikata kamar shi ke biyansu. Amos ya ce wata rana shi ma sai ya yi irinsa. Ba kowane kare ba, buldog ɗan asali, wanda babu ɗigon jinin wani a jikinsa. Duk shekara idan aka yi gasar karnuka a ɗakin taron gari, sai ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya je ya tsaya bayan igiya yana kallo. A nan ya haddace alamomin: faffaɗan ƙirji, siririn ƙugu, gajerun ƙafafu, 'yan kunnuwa a naɗe, guntuwar wutsiya, hanci a manne da fuska, ga tattarar fata a kansa. Ya san su kamar yadda ya san ƙarfen da ya nuna da wanda bai nuna ba. Karen ne dai bai samu ba. Kullum akwai abin da ya riga shi, in ba rufin ɗaki ke yoyo ba to aiki ne ya ja baya.

Matarsa Hilda a kicin ɗin makarantar firamare take aiki. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya ɗora wa ɗaya. Abin da aka san ta da shi a layinsu shi ne ba ta ƙarya, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi don a zauna lafiya. Matar fasto ta taɓa tambayarta a gaban mutane yadda ta ji kek ɗin da ta gasa, ta ce, “Ƙasan ya ƙone, saman ba laifi.” Lokacin da Amos ke nemanta ya yi gangancin tambayarta ko tana ganin yana da kyau. Ta ƙare masa kallo ta ce, “A'a. Amma kana wanke wuyanka, kuma ba ka zagi.” Ya yi shekaru yana ba da labarin nan da alfahari. A gidan Sidaway, har ma a maƙwabta, idan gardama ta yi tsawo sai wani ya ce, “Hilda ta ce,” shi ke nan a kama wata hirar.

Shekarar da aka rufe masana'anta, ita ce shekarar da likita ya kira Hilda ciki ya rufe ƙofa. Amos ya ja kujera kusa da murhu ya zauna. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a cikin ɗaki ba, yanzu sai ya wuni yana kallon garwashi. Hilda tana kwance a doguwar kujera da bargo, shi yana zaton barci take yi.

Wata Asabar ta aika aka kira ƙaninta Edgar. Edgar mai kai madara gida-gida ne, bakinsa ba ya hutawa da tsokana, kuma duk inda ka gan shi ka ga baƙin karensa Nobby, irin karnukan Stafford ɗin nan da ke kowane lungu a yankin, masu taurin kai da faɗa wa kowane kududdufi. Ta sa kwat, ta ce za su zaga. Amos ya ce, “Ke da ba kya iya hawa bene?” Ta ce ai ba bene za su hau ba.

Sai la'asar suka dawo. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana mayar da numfashi, sannan ta buɗe gaban kwat ɗinta. Wani ɗan kwikwiyo ne, ja da fari, fuska duk a tattare.

“Ungo, tsoho. Ga abin da ka dame ni da shi tun muna da sauran haƙora.”

Amos ya karɓe shi a tafin hannu biyu, kamar an miƙo masa ƙwai.

“Hilda, buldog ne?”

“Buldog ne.”

“Ɗan asali?”

Ta duƙa tana kwance igiyar takalminta. Daga can ƙasa ta ce, “Ɗan asali.”

“Ina takardar shaidar asalinsa?”

“Da takarda za ka yi yawo ko da kare? Kai wace takarda ka nuna min na aure ka?”

Edgar yana tsaye a bakin ƙofa yana duba cikin hularsa, sai ka ce an rubuta masa wani abu a ciki.

Ita ta sa masa suna Kyaftin, wai tun da maigidansa ya ƙare rayuwarsa yana yi wa jirage aiki. Kuma ta kafa sharaɗi ɗaya. “Kullum ka fita da shi, Amos. Ko ana ruwa, ko ana ƙanƙara. Ban ce wani lokaci ba, kullum na ce.”

Ba ta kai ƙarshen sanyin shekarar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Amos ya shiga tsohuwar maƙerar uwarsa da ke bayan gida, ya hura wuta, ya ƙera 'yar siririyar sarƙa, zobe-zobe, da ƙugiya a baki. Ita ce aikinsa na ƙarshe. Yana da dalili. Hanyar yawo a Cradley ita ce bakin koramar da kakanninsu suka haƙa don kwale-kwalen gawayi, kuma ko yaro ya san buldog ɗan asali ba ya iyo. Gaba ya yi nauyi, ƙafa ta yi gajarta, hanci ba ya iya ɗagowa sama da ruwa. Idan ya faɗa, sai ya nutse kamar kan guduma. Saboda haka Kyaftin ya girma yana bin bakin ruwa a kan sarƙa, Amos a tsakaninsa da koramar, bai taɓa jiƙa ko farce ba.

Ya girma kuwa. Har ya ɗan wuce inda ake tsammani.

Akwai wani benci kusa da tsohuwar gada inda tsofaffin layin ke zama da shayinsu. Edgar yana zuwa da sandar kamun kifi, ko da yake ba a taɓa ganin kifin ba. Sai Wilf Tromans, tsohon kafinta, wanda ya yi kiwon buldog masu takarda ɗaya bayan ɗaya, har wani ya taɓa ciyo masa kambu a gasa. Duk sun mutu da ƙuruciyarsu. Wilf bai ƙara ɗauko wani ba, amma bai daina ba da fatawa ba, kuma har yanzu rularsa ta katako mai naɗewa tana aljihun gaba.

Wilf kan ce, “Amos, karen nan naka kullum ƙara tsawo yake. Taki kake zuba masa a ƙafa?”

“Tafiya ce. Naka da suka ƙare a kan darduma, ina za su ga tsawo?”

“To wutsiyar fa? Wannan ai bulala ce.”

“Akwai masu doguwa. Je ka tambaya.”

“Wa zan tambaya, ni ake tambaya. Kuma ka taɓa jin buldog da ba ya minshari? Nawa in ya kwanta sai maƙwabta sun buga bango.”

“Tarbiyya ce. Hilda ba ta son minshari. Ni ma ta hana ni.”

Daga nan sai Wilf ya zaro rula. Gwajin sananne ne a wurin masu karnuka: a ɗora ta daga goshi zuwa haɓa. In ɗan asali ne za ta kwanta lafiya, in ruwa biyu ne hanci zai tokare ta.

“Kawo fuskarsa nan, yanzu a gama magana.”

“Mayar da katakonka aljihu. Je ka auna ƙofofin da ka yi wa mutane, har yau sai an sa kafaɗa suke rufuwa.”

“Na rantse maka barbarar yanyawa ne. Kyaftin, wai! Kyaftin ɗin da ake ɓoye wa ruwa.”

“Hilda ta ce ɗan asali ne.”

A nan maganar ke tsayawa. Wilf ya naɗe rularsa. Shi ma Hilda ta taɓa gaya masa gaskiya a kan wani kabad da ya yi mata, bai manta ba.

Abin lura shi ne Edgar. Mutumin da ba ya ƙyale kowa, wanda ke kiran Amos “mijin yaya” da wata murya da ke sa a yi dariya tun kafin ya faɗi komai, in aka zo zancen jinin Kyaftin sai ya ga wani abu mai muhimmanci a kan ruwa.

Amos ba makaho ba ne. Da yamma idan ya zauna, karen na kwance a ƙafarsa, yakan ga abin da Wilf ke gani. Yakan ga hancin ya ɗan fito. Yakan ga yadda Kyaftin ke zama ya jefar da ƙafar baya ɗaya gefe, zaman da ya taɓa sanin wani kare da shi, bai dai tsaya tuna ko wane ne ba. Rular ɗinkin Hilda tana nan a aljihun teburin kekenta, hannu ɗaya zai miƙa. Bai taɓa miƙawa ba. Idan Kyaftin ruwa biyu ne, to ko dai wani ya cuci Hilda tana kan ciwon ajali, ko kuma ita ce ta gaya masa abin da ba haka ba. Na farkon da sai ya nemi mutumin da guduma. Na biyun kuwa ba shi da inda zai ajiye shi. Maganar nan tana cikin na ƙarshe da ta yi masa da cikakkiyar murya, kuma da ita yake tashi kullum da safe.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, Kyaftin na gaba, Amos na baya. Karen ba ya yarda da ƙarshen layi. Sai ya ja shi har kan tudu inda ake hango hayaƙin garuruwa, ya ja shi kasuwar garin gaba, ya ja shi ƙofar wata gwauruwa mai ba shi ɓawon burodi, har Amos ya zama mai aske mata shingen lambu. Mutanen da a da ba su san sunansa ba suka koma gaishe shi da “Baban Kyaftin.” Likita ya taɓa ɗora masa abin awo a ƙirji ya ce ya je ya ci gaba da duk abin da yake yi. Nobby ya daɗe da mutuwa. Bakin Kyaftin ya yi furfura, amma jan sarƙa yana nan yadda yake. Wilf kan bi shi da ido wani lokaci, kamar mai lissafin abin da ba ya so ya faɗa.

Sai shekarar zafin nan ta zo, wadda har yau ake kwatance da ita. Ciyawar filin ƙwallo ta koma kamar tabarma. Kwalta ta narke tana kama takalmi. Aka riƙa ɗauke ruwan famfo da rana. Koramar ta ja baya, ta bar baƙin bangon bulo a fili, mutum ya kwanta rub da ciki ma hannunsa ba ya kai wa ruwa. Amma a tsakiya tana da zurfinta, da laka a ƙasa.

Amos ya koma fita da sassafe kamar zamanin aiki. Ranar da abin ya faru, sun je har kan tudu, a dawowa ya tarar da Edgar shi kaɗai a benci. Aka zauna hira. Bangon tsohuwar masana'antar da ke yi musu inuwa an rushe shi tun bara, su kuwa jikinsu bai gama sabawa da rashinsa ba. Kafin su farga rana ta hau kansu.

Da Amos ya miƙe ya ce, “Tashi mu je, Kyaftin,” karen ya yi taku kaɗan sai ya kwanta a kan bulo. Numfashinsa na fita da ƙara kamar zarto. Harshe ya zubo, ya yi duhu. Ido ya yi ja.

Amos ya san wannan. Ya sha ganin ƙarti sun yi haka a gaban wuta, kuma ya san waɗanda aka kai ga ruwa da wuri da waɗanda ba a kai ba. Ya juye sauran shayin da ya huce a kan karen, bai kai ko'ina ba. Ya ruga famfon da ke jikin gada, ya murɗa, sai iska. Ya kwanta a bakin bango ya miƙa hularsa, ruwa ya fi ƙarfin hannunsa. Ya gwada ɗaukar Kyaftin, bayansa ya ƙi. Su biyu suka gwada, suka yi taku biyu suka sauke. Gida da nisa. Akwai gangaren da aka yi tun zamanin da dawakai ke jan kwale-kwale, don fito da dokin da ya faɗa, amma yana can ƙarƙashin gada ta gaba.

Kyaftin ya ɗaga kai yana kallon ruwan, yana jan jiki wajensa.

“Sake shi ya shiga, mijin yaya,” in ji Edgar.

“Ka haukace? Nutsewa zai yi.”

“Ba zai nutse ba.”

“Buldog ne, yaro! A gabana kake so in ga ya tafi ƙasa?”

“Amos.” Edgar bai taɓa kiransa da sunansa ba tun ranar ɗaurin aure. “Cire masa sarƙar nan. Zai yi iyo. Ubansa daga nan har gadar can yake zuwa kullum da safe, ya dawo ya jiƙa min kwalaben madara.”

Amos ya dube shi. Edgar bai kawar da kai ba, wannan karon babu hula, babu kan ruwa.

“Hilda ta ce…”

“Na san abin da ta ce, ina wurin. Yanzu dai zaɓi, karen na mutuwa.”

Hannun Amos yana kan ƙugiyar. Shi ya ƙera ta, ya san ba ta buɗewa da kanta. Ya tsaya kamar na numfashi biyu ko uku. Sannan ya danna.

Suka kama shi gaba da baya, suka zura shi ta gefen bangon iya tsawon hannunsu, suka saki. Ruwa ya rufe kansa.

Sai ga hancin nan, wanda Wilf ya yi shekaru yana so ya auna, ya ɓullo sama yana huci. Ƙafafun da suka yi tsawo suka fara aiki, wutsiyar bulala ta miƙe a baya. Da farko ya yi ta fantsama yana zagaye wuri ɗaya. Can sai jikinsa ya tuna abin da ba wanda ya koya masa, ya daidaita, ya kama tsakiyar korama.

“Nan, Kyaftin! Nan, ɗana!” Amos na gudu a bakin bango, gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi, sarƙa na lilo a hannunsa. Edgar na biye yana tari yana cewa, “Ka gani? Ka ga ɗan banzan? Sak ubansa!”

A gangaren dawakai karen ya taka ƙasa, amma bai fito ba. Ya kwanta a inda ruwa ya kai masa ƙirji, a inuwar gada, yana lasa yana hutawa. Sannu a hankali numfashin ya sauka, harshen ya dawo launinsa. Tsofaffin biyu suka zauna a kan dutse, takalmansu a cikin ruwa, ba wanda ya kula.

Amos ya juyo ga Edgar.

“Wa ya cuce ta?”

“Ba wanda ya cuce ta. Yaya ce fa. Wa ya isa?”

“To faɗa min.”

Edgar ya share fuska da hularsa. “Wajen masu na asalin muka fara zuwa, can bayan gari. Gida mai kyau, karnuka kamar a hoto. Ta ɗauki ɗaya ta rungume, ta ce wa matar da ke kiwonsu, ‘Ina iyakar tafiyarsa?’ Matar ta ce ƙarshen layi ya dawo, in ba a zafi. Yaya ta ce, ‘Suna daɗewa a duniya?’ Matar ta faɗa mata gaskiya. Sai Yaya ta ajiye shi a hankali ta ce mun gode. Da muka shiga mota ta ce, ‘Edgar, wannan kusa da murhu zai samu wuri ya kwanta, su zama su biyu da Amos. Kuma zai riga shi tafiya, a sake barinsa shi kaɗai.’ Ni kuma lokacin mahaucin bakin kasuwa nemana yake ruwa a jallo, don Nobby ya tsallaka masa katanga ya samu karyarsa buldog mai takarda. Ta haifi 'ya'ya, ya rasa yadda zai yi da su. Na faɗa wa Yaya don ta yi dariya ne kawai. Sai ta ce juya motar.”

“Me ya hana ta gaya min?”

“Da ka karɓa?”

Amos ya juya sarƙar a hannunsa.

“Ka san kanka, mijin yaya. Da ka ce an gode, a kai wa yaran maƙwabta, ka koma kujerarka.” Edgar ya yi 'yar dariya. “Ba ka ga wahalar da ta sha ba. Ta ce, ‘Ban taɓa yi ba, Edgar, ban san ko zan iya ba.’ Tun daga kasuwa har gida gwaji take yi a kaina. Ta dube ni ta ce ‘ɗan asali,’ in ce, ‘Yaya, idonki ya tona ki.’ Ta sake, in ce, ‘Yanzu kuma kunnenki ya yi ja.’ Da muka shigo layinku ta ce ta samo dabara, ba za ta dube ka ba.”

“Takalmi,” in ji Amos.

“Takalmi. Ita da ko ɗaure su ni na yi mata da za mu fita.”

Kyaftin ya fito daga ruwa, ya tsaya a tsakaninsu ya girgije jikinsa, ya jiƙa su sharkaf. Sannan ya zauna ya jefar da ƙafar baya ɗaya gefe.

Suka jira har rana ta karya, suka taka gida a hankali ta gefen inuwa. Amos ya ba karen ruwa da abinci, ya wanke hannu, ya tsaya a gaban keken ɗinkin. Ya ja aljihun teburin. Rular na nan tare da almakashi da guntayen zare. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora ta daga goshi zuwa haɓa. Hanci ya tokare ta, har yatsa na iya shiga ta ƙasa. Kyaftin ya lashe katakon.

Amos ya juya ya kalli doguwar kujerar da babu kowa a kai.

“Kin iya, yarinya,” ya ce. “Ashe kin iya.”

Maƙwabciyarsu ta ce ta ji shi yana dariya ta bango, ta daɗe ba ta ji irinta ba, sai daga baya ta ji yana fyace hanci.

Labari ba ya kwana a Cradley. Washegari da sanyin safiya Wilf ya riga kowa zuwa, kuma ba a benci ya zauna ba, a kan dutsen gangaren dawakai ya jira su.

“An ce jiya an ga buldog yana iyo.”

“An gani,” in ji Amos.

“To yanzu me za ka ce?”

Amos ya zuba shayi a murfin gorarsa, ya hura, ya kurɓa.

“Hilda ta ce ɗan asali ne.”

“Haba Amos! Da idonka fa ka gani.”

“Da idona. Kuma duk wanda ya tambaye ni, abin da zan gaya masa ke nan. Sau ɗaya ta yi a rayuwarta, ba ni zan ɓata mata aiki ba.”

Ya duƙa ya danna ƙugiyar, ya naɗe sarƙar ya sa a aljihu. Kyaftin ya gangara ya shiga ruwa kamar wanda ya saba tun haihuwa, ya nufi wasu agwagi da ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Edgar ya ce a yi masa a hankali, zai kore masa kifi.

Wilf ya zaro rularsa, ya buɗe ta rabi, ya tsaya yana kallon jan kan nan da ke tsaga ruwa, da furfurar bakinsa. Ya naɗe ta ya mayar.

“Nawa ko ɗaya bai kai ga furfura ba,” ya ce, ba da ƙarfi ba.

Amos ya tsinci wani guntun icce a gefen dutse, ya kakkaɓe shi, ya miƙa masa.

“Ungo, jefa masa. Ni kafaɗata ta gaji tun jiya.”